Ikilisiyarmu za ta je gidan marayu a Uganda: in bi su ko in janye?

Wasiƙar da ta iso mana

Mama, barka da aiki. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 29, ina aikin jinya a wani asibiti a Ingila, shekara uku ke nan. Ikilisiyar da nake sujada a nan ta shirya tafiyar bishara zuwa wani gidan marayu kusa da Jinja a ƙasar Uganda, kwana 12 a watan Agusta. Mu 14 ne, kowa zai biya fam 1,900. Na riga na ba da kafin alƙalami na fam 300, 'yan'uwa a ikilisiya kuma sun tara mini kusan rabin abin da ya rage. Aikinmu a can shi ne wasa da yara, koya musu waƙoƙi da labaran Littafi Mai Tsarki, renon jarirai da fentin ɗakunan kwana.

Ni kaina marainiya ce. Ina 'yar shekara bakwai babana ya rasu, baffana ya riƙe ni har na gama makaranta, shi ya sa da aka yi sanarwa ni na fara ɗaga hannu. To sai wata abokiyar aikina 'yar Uganda ta ce mini kada in je. Ta ce ƙaninta ya yi shekara shida a irin wannan gida alhali mahaifiyarsu tana raye, kuma har yau bai koma daidai ba. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. In na janye, ji nake kamar na ƙi amsa kiran Ubangiji, ga kunyar fasto da ta waɗanda suka ba da kuɗinsu. Ni kaɗai ce 'yar Afirka a tawagar, suna ta cewa ni ce 'yar jagorarsu. Yaya zan yi?

Amsa

'Yata, Ubangiji ya ba ki salama. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan ba ki amsa kafin in kawo dalili, don wanda barci ya ƙaurace wa ba ya son kwana-kwana. A yadda aka tsara tafiyar nan, ban ba ki shawarar ki je ba. Abokiyar aikinki gaskiya ta faɗa miki. Sai dai kuma ban ce ki sulale shiru ki fake da cewa an hana ki hutu a asibiti ba. Akwai nauyin da ya hau kanki yanzu tun da kin ji abin da kika ji, zan zo kansa.

Shekarun baya, ana gab da Kirsimeti, mu 'yan Zumuntar Mata muka cika mota da buhunan shinkafa, man gyaɗa, sabulu da atamfa muka nufi wani gidan marayu. Ban gama saukowa daga mota ba wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba ta sheƙo da gudu ta cakumi zanena. Kafin in zauna sosai ta haye cinyata, tana wasa da ɗankunnena, tana ce mini Mama. Hawaye suka zubo mini. A raina na ce Allah ne ya haɗa jininmu. Awa uku muka yi, ba ta sauka daga jikina ba, ko shinkafar da aka zuba mata sai da na ba ta a baki ta ci. Da muka tashi tafiya ta sa ihu, sai da mai reno ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya daga gyalena. Motarmu tana juyawa a bakin ƙofa sai ga wata motar ta shigo da matan wata ikilisiya. Na leƙa ta taga. Yarinyar nan, hawayenta bai ko bushe ba, ta ruga ta cakumi zanen matar da ta fara saukowa.

Daga baya na koma ni kaɗai, na zauna da tsohuwar da ke renonsu. Ta ce mini, "Mama, ku kuna tafiya da hotuna, mu ake bari da kukan dare." Ita ce kuma ta gaya mini uwar yarinyar tana nan da ranta a wani ƙauye. Mijinta ne ya rasu ya bar ta da yara shida, aka ce mata a nan za a ciyar da 'yar autarta a kuma sa ta makaranta.

Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin san abin da na gani ranar fiye da yadda na sani a lokacin. Yaron da ya tashi a hannun uwarsa ko kakarsa, in baƙo ya miƙa masa hannu sai ya ɓuya a bayan zanenta. Ƙiwa muke ce masa, har mukan yi wa yaro faɗa a kanta. Ashe ƙiwar nan alamar lafiya ce, tana nuna yaron ya san nasa, ya san inda zai gudu in ya tsorata. Yaron da ke faɗawa jikin duk wanda ya shigo yana kiransa Mama ko Baba, neman nasa yake yi bai samu ba. Kowace tawaga ta zo ta rungume shi kwana 12 ta tafi, ta ƙara koya masa cewa duk wanda ya so shi tafiya zai yi. Hausawa suka ce sabo ake yi wa kuka. Ku 14 za ku je ku saba da yaran nan da gangan, kuna sane da ranar da jirginku zai tashi, bayanku kuma wata tawagar tana tafe.

An yi bincike mai zurfi a kan wannan a Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen reno na gwamnati. A shekarar 2000 wasu masana daga Amurka suka fara bin yara ƙanana 136 a gidajen reno na birnin Bukares. Rabinsu aka mayar da su hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke, aka yi ta bin su shekara da shekaru. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi sauran kaifin ƙwaƙwalwa, sun fi su iya magana da iya shaƙuwa da mutum, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Gidajen Romaniya na wancan zamani sun yi muni ƙwarai, ban ce na Jinja haka yake ba. Amma abin da jariri ke rasawa a gidan da masu reno ke karɓa-karɓa, wannan ta kwana waccan ta yini, ɗaya ne ko da bangon ya sha sabon fenti: mutum guda da zai zama nasa yau da gobe da baɗi.

Yanzu ki dubi kanki. Kin ce ke marainiya ce, kuma haka ne a bakin Bahaushe, wanda ya rasa uba maraya ne ko da uwarsa da kakanninsa da baffanninsa duk suna raye. Ƙididdigar hukumomin duniya ma haka take lissafi, yaron da ya rasa ɗaya daga cikin iyayensa ana sa shi a sahun marayu. Amma Baturen da ke zaune kusa da ke ranar Lahadi, in ya ji an ce maraya, yaron da ba shi da kowa a duniya yake hangowa, a kan haka yake buɗe jakarsa. Ƙungiyoyi irin su Save the Children da Lumos sun daɗe suna nuna cewa kimanin huɗu cikin kowane yara biyar da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, sauran ma akasarinsu suna da dangi. Talauci ne ke kai su, da kuɗin makaranta, da naƙasa, da mutuwar mai ciyar da gida.

Ina so ki yi wannan tunani, ko da zai yi miki ɗaci. A shekarar da babanki ya rasu, a ce akwai wani gida mai kyau a bakin titi, abinci sau uku, makaranta kyauta, Turawa na zuwa da kayan wasa duk bayan wata biyu. A ce wani mai magana da daɗi ya zo ya zauna da mahaifiyarki tana cikin makoki, ya ce ta kawo ki don gobenki. Kina ganin za ta ƙi? Kuma da ta yarda, wa zai zarge ta? Da yau ba ki san gidan baffanki ba. Da ba ki da 'yan'uwan da kuka ci tuwo a kwano ɗaya, ba ki da ɗakin da za ki sauka in kin je gida hutu, ba ki da wanda zai karɓi gaisuwa ranar da mai neman aurenki zai turo magabatansa. Yaron da ya girma a gidan marayu, ranar da ya kai shekara 18 aka ce ya fita, sau da yawa gonar ubansa ta daɗe da shiga hannun wasu, harshen garinsu ma ya kuɓuce masa. Wataƙila abin da abokiyar aikinki take nufi ke nan da ta ce ƙaninta bai koma daidai ba. Ki zauna da ita ki saurare ta sosai in tana son ta faɗa, don ta fi ni sanin wannan ciwo.

Ban manta ba cewa riƙo ma yana da nasa tabo. Duk mun san 'yar riƙon da aka mayar baiwa, ita ce talla ita ce wanke-wanke, 'ya'yan gida suna makaranta. Akwai kuma jaririn da aka tsinta a bola, da yaron da gidansu ne ma haɗarin, waɗanda dole a sami inda za a ajiye su na ɗan lokaci kafin a nemo musu iyali. Maganin mugun riƙo shi ne a tallafa wa mai riƙo a kuma sa masa ido, jami'in jin daɗin jama'a yana zagayowa, maƙwabta da ikilisiya suna lura. Kuɗin da ake kashewa a kan yaro ɗaya a gidan marayu zai riƙe yara da dama a gidajen iyayensu.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma ita ce ta fi wuyar faɗa a gaban masu bi, don kowa da kyakkyawar niyya ya bayar. Gidan marayu da baƙi ke ziyarta yana rayuwa ne da baƙin. Baƙi suna son su ga yara, saboda haka gadaje ba za su zauna babu kowa ba. A Kambodiya, rahoton UNICEF ya nuna gidajen marayu sun tashi daga 154 zuwa 269 tsakanin 2005 da 2010, daidai lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa ƙasar, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran suna da uwa ko uba. A Nepal an sha kama masu shiga ƙauyukan kan dutse suna karɓo yara da alkawarin makaranta, su kai su birni su yi musu takardun ƙarya cewa iyayensu sun mutu. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, an tsare wasu 'yan Baftis su goma daga Amurka a kan iyaka da yara 33 za su tsallaka da su Jamhuriyar Dominikan, aka bincika aka tarar akasarin yaran iyayensu suna raye. Wani binciken da cibiyar Barna ta Amurka ta yi a 2021 ya ƙiyasta Kiristocin Amurka kaɗai suna aika kimanin dala biliyan 2 da rabi duk shekara zuwa irin waɗannan gidaje. Inda kuɗi irin wannan ke kwarara, sai an sami masu haƙa masa rami. Abin ya kai a 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin bautar zamani, a Disambar 2019 kuma babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ƙasashe su magance illar aikin sa-kai a gidajen marayu.

Ban san mutanen da ke riƙe da gidan da za ku je ba, kuma ba zan ɗora musu laifin da ban gani ba. Da yawa daga masu irin wannan aiki bayin Allah ne da suka ba da ƙuruciyarsu, sukan kwana da yunwa don yara su ci. Amma mai gaskiya ma, in albashin ma'aikatansa ya dogara ga yawan yaran da baƙi za su gani, mayar da yaro gida yakan yi masa nauyi ba tare da ya lura ba.

Akwai kuma maganar ƙofa. Ƙofar da ta buɗe muku ba tare da dogon bincike ba, a buɗe take ga kowa. A 2014 wani matashi ɗan shekara 19 daga Oklahoma ya je aikin mishan a wani gidan yara a Kenya, ya yi lalata da yaran da ya je taimako, kotun Amurka ta yanke masa shekara 40 a 2016. Shi ma da sunan Ubangiji ya shiga. Ke kafin a bar ki ki taɓa majiyyaci a Ingila sai da aka yi miki binciken DBS, wato na ko kina da tarihin aikata laifi, aka duba takardunki, aka ji daga bakin waɗanda kika yi aiki a ƙarƙashinsu. Ki tambayi 'yan tawagarku cikin ladabi: da mutum 14 za su taso daga Kampala su ce suna son su shiga gidan yara a garinku na Ingila, su ɗauki jarirai, su yi hoto da su su sa a Facebook, za a buɗe musu? Kowa a ɗakin ya san amsar. Ingila ta rufe manyan gidajen marayunta tun tuni, yawancin yaran da hukuma ke kula da su a can suna hannun iyalai masu riƙo. Ɗan Basoga, mutanen yankin Jinja, shi ma ɗa ne, abin da ya kamaci nasu ya kamace shi.

Sai batun kira, wanda na san shi ya fi hana ki barci. Na gaskata Ubangiji ne ya sa miki tausayin maraya, kuma bai janye ba. Amma kira daban, tikitin jirgi daban. Ayar da ake yawan karantawa in za a yi irin wannan tafiya ita ce Yakubu 1:27, ki sake duba ta: marayu da matan da mazansu suka mutu tare aka ambace su, domin galibi a ɗaki ɗaya suke kwana. Ki buɗe 2 Sarakuna sura 4. Mace ta zo wa Elisha da kuka, mijinta ya mutu, mai bin bashi yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu. Annabin bai ce ta kawo yaran ya reno su tare da almajiransa ba. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce sai ɗan mai a kwalba. Ya aike ta aron tuluna wurin maƙwabta, man ya yi ta zuba, ya ce ta sayar ta biya bashi, ita da 'ya'yanta su rayu da sauran. Jari aka ba ta, yaran suka kwana a gidansu. Esta ma da ta rasa uwa da uba, Mordekai ɗan'uwanta ne ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa, kamar yadda baffanki ya yi miki.

To ga nauyin da na ce ya hau kanki. Ki nemi fasto ku zauna, ke da shi da wanda ke jagorantar tafiyar, ba a tsakiyar taro ba, kuma a cikin makon nan, kafin a sayi tikiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki fara da labarinki, don shi ne abin da babu mai iya musa miki. Ki ce ke ma a lissafinsu marainiya ce, ga kuma abin da ya cece ki. In abokiyar aikinki ta yarda ta raka ki, ya fi. Kada ki shiga da fuskar mai tuhuma. Mutanen nan sun yi shekaru suna tara kuɗi da zuciya ɗaya, wataƙila wata tsohuwa a cikinsu tana da hoton yaro a jikin firjinta tana masa addu'a kullum. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ki roƙi a aika wa gidan tambayoyi a rubuce. A Uganda doka ta ce gidan yara sai da amincewar ma'aikatar da ke kula da jinsi, ƙwadago da ci gaban jama'a, kuma akwai gidaje da yawa da ke aiki ba tare da ita ba, saboda haka a nuna muku takardar. A ce kowane yaro yana da umarnin kotu da ya ba gidan izinin riƙe shi? Jami'in jin daɗin jama'a na gundumar ya san da zamansa? Yara nawa ne ke da uwa, uba ko kaka a raye, kuma yaushe rabon da su gan su? Akwai ƙwararren ma'aikaci da aikinsa shi ne neman dangin yara? Tawaga nawa ke zuwa a shekara, kuma wane bincike ake yi wa baƙo kafin ya kusanci yaro? Tambayar da ta fi duka tona gaskiya ita ce: bara yara nawa suka koma hannun danginsu? Gidan da ke aiki tsakani da Allah zai yi murna da wannan tambaya, ya ba ku lamba har da labari. In amsar ta zo da fushi, ko da hotunan yara masu hawaye maimakon lamba, kun sami amsarku.

Sannan ki ɗora musu lissafi a kan tebur. Mutum 14 sau fam 1,900 ya kama fam 26,600, mafi yawansa kuma kamfanin jirgi da masauki ne za su ci. Fentin da za ku yi, akwai mai fenti a Jinja da ya fi ku iyawa, yana neman aikin da zai biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta, wataƙila ma rashin irin wannan aikin ne zai sa wata rana ya kai ɗansa gidan. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin nan zai biya albashin ma'aikacin neman dangi na tsawon lokaci, ya sayi akuya ko keken ɗinki ga kakar da za a mayar wa jikanta.

Za su ce miki zuwa da kai ya fi aike, kuma akwai gaskiya a ciki. Wanda ya je ya gani yakan dawo da zuciyar bayarwa har ƙarshen ransa. Saboda haka kada ki ce a fasa Uganda, ki ce a sauya abin da za a je yi. A je a zauna da fastocin yankin da matan ikilisiya a ji yadda suke tallafa wa gwauraye. A ziyarci masu aikin mayar da yara gida, irin su Child's i Foundation da ke wannan aiki a Uganda. A yi wa masu renon gidan hidima, su da ke kwana da yaran shekara da shekaru ba mai tambayar gajiyarsu, a bar rungumar yara a hannunsu. A Ingila ɗin ma akwai Hope and Homes for Children da Home for Good, a Amurka akwai Faith to Action, a cikinsu akwai masu bayanai da aka rubuta domin ikilisiyoyin da ke son sauya salon taimakonsu, kuma fastonku zai fi saurin sauraro in ya ga 'yan'uwa masu bi ne ke faɗa. Ki kuma gaya musu abin yana yiwuwa, maƙwabciyar Uganda ta gwada. A 2012 Ruwanda ta ƙirga yara 3,323 a gidaje 33, ta ƙaddamar da shirin da suka kira Tubarerere mu Muryango, wato mu rene su a cikin iyali, akasarin yaran nan suka koma hannun dangi ko masu riƙo. An sha wahala, an yi kurakurai, amma an yi. Kenya ma ta fitar da tsarin shekara goma daga 2022 a kan hanya ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙonki da babbar murya: kada maganarki ta sa ikilisiya ta yanke wa gidan tallafi dare ɗaya. Yaran suna ciki yau, gobe da safe za su nemi koko. Gidan da kuɗi ya yanke masa kwatsam yakan watsar da yara ba shiri, ko ya nemi wasu baƙin da ba sa tambaya. Mayar da yaro gida aiki ne na watanni, wani lokaci shekaru: a nemo dangi, a duba ko gidan lafiya, a fara da ziyara, a bi sawu bayan ya koma. Abin da ake so shi ne ikilisiyarku ta ce wa masu gidan, muna tare da ku, kuɗinmu ba zai tsaya ba, amma muna son ya bi yaran zuwa gida.

Maganar 'yar jagora kuwa, ki sauke ta daga kanki. Ana Lusoga da Luganda a Jinja, ke Hausa kike ji. Baƙuwa ce ke a can kamar sauran, baƙar fatarki ba za ta gaya miki abin da uwar yaro ke raɗa wa maƙwabciyarta ba. Jagorancin da za ki iya yi musu na gaske a ɗakin taron ikilisiya yake, kafin a tashi. In kuma an sauya tsarin kika tafi da niyyar taɓa majiyyaci, sai kin yi rajista da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Uganda, ki yi aiki a ƙarƙashin ma'aikatan asibitin wurin. Kada wani ya ce miki ai Afirka ce, ba sai da takarda ba. Ki nemi katin rigakafin shawara, ki kuma sha maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, don shekara uku a Ingila ta isa ta rage wa jikinki sabon da ya yi da shi.

In kin yi duk wannan suka ce tafiya tana nan yadda take, to ki janye, ki faɗi dalilinki a fili ba tare da ɓata kowa ba, ki yi musu addu'ar sauka lafiya. Waɗanda suka tara miki kuɗi ki bi su ɗaya-ɗaya. Ki ce ga abin da na gano, ga kuɗinku, in kun yarda a tura shi wurin masu mayar da yara gida, in ba ku yarda ba ku karɓi abinku. Kada ki karkatar da ko fam ɗaya ba da saninsu ba, amana ce. Za ki ji kunya na mako biyu ko uku, wani zai ɗaure miki fuska bayan sujada, zai wuce. Fam 300 ɗin nan mai yiwuwa ba za ta dawo ba, ki bar ta.

Hutun da kika riga kika nema na Agusta kuma kada ki mayar. In kin sami hali ki zo gida. Shugabar Zumuntar Mata ta ikilisiyarku ta Zariya ta san kowace gwauruwa da sunanta, ta san wadda aka koro wa yara daga makaranta a zangon nan. Ki zauna da baffanki ki tambaye shi yadda aka yi ya biya kuɗin makarantarki a shekarun da amfanin gona bai yi kyau ba, da wanda ya taimaka masa, da ranar da ya kusa gazawa. Ki gaishe mini da shi da kyau. In amsar gidan Jinja ta iso, ki turo mini in gani, musamman ta yaran da suka koma gida bara.